Jagora Ga Mai Son Sauraron Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda samarinmu na Yerwa, wato Maiduguri, tun daga Hausari har Bulumkutu, suka duƙufa wajen musayar sunayen waƙoƙin mawaƙan nesa, na Indiya da na Amurka, kai har da na Koriya da Japan, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa wadda ya kamata ya fara da ita da wadda zai jinkirta sai kunnensa ya nuna, alhali kuwa idan aka zo ga mawaƙin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa, wato Alhaji Mamman Shata Katsina, sai ka tarar yaro ya san sunan, ya riƙe guntun amshi ɗaya ko biyu da ya tsinta a motar haya, amma bai san ƙofar da ake shiga ta cikinta ba. Ba kuwa laifin yaran ba ne, domin waƙoƙin mutumin nan sun yi yawan da shi kansa bai iyakance adadinsu ba, kuma wanda aka zube wa ɗaruruwan waƙoƙi a cikin waya ba tare da tsari ba, gajiya za ta riske shi tun kafin daɗi ya riske shi.

Maganar da nake so in kafa ɗaya ce: sauraron Shata fanni ne mai tartibi, ana hawansa daki-daki. Mu mutanen Borno ba baƙi ba ne ga tartibi, tun da mun san ɗalibin fiƙihu ba ya buɗe Muhtasar sai ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala; ba don in daidaita waƙa da ilimin addini na kawo wannan misali ba, Allah Ya kiyaye, sai don in nuna cewa abin da aka fara shi ta ƙarshe ba a cika fahimtarsa ba.

Fasali na Farko: Sanin mutumin da jama'arsa

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923, kuma mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, saboda a wancan zamani kiɗa da roƙo sana'a ce ta waɗanda suka gada, su kuwa ba su gada ba. Ya yi tallan goro da na alewa yana saurayi, ya zauna a Bakori, sa'an nan tauraronsa ya haska a Kano a bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki na shekarar 1952, daga bisani ya mai da Funtuwa gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shi ya sa ake ce masa Dokta. Dattawan Borno za su tuna cewa a Jamhuriya ta Biyu ya fara zama ne a jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, wadda ta kafa gwamnati a nan Borno a 1979 ƙarƙashin Alhaji Muhammadu Goni, kafin Shata ya koma NPN. Allah Ya yi masa rasuwa a Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne.

Amma wanda ya ce Shata, to, jama'a ya ambata, ba mutum guda ba. A gaba akwai shi kansa, jagora, wanda ke zuba ɗiyan waƙa, wato baitocinta. A bayansa akwai makaɗan kalangu, waɗanda su ne kuma galibi 'yan amshi. A gefe akwai sanƙira, mai shiga tsakani da kirari yana bayyana wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Kalangun nan ganga ce mai siririn ƙugu da baki biyu, an haɗa fatunta da tsarkiya, ana rataya ta a kafaɗa a matse ta da hammata, idan aka matsa murya ta hau, idan aka saki ta sauka, shi ya sa take iya kwaikwayon hawa da saukar maganar Hausa har masu kunne su ji abin da take faɗi. Asalinta kiɗan mahauta ne da na dandalin 'yanmata, kuma a hannun su Shata ta shiga fada da gidan rediyo. Tare da manyan kalangai akan sami ƙananan ganguna, irin su ɗan karɓi da kuntuku, waɗanda ke riƙe taki ba sa kaucewa, domin manyan su sami sararin magana.

Akwai wani abu guda wanda idan mai sauraro ya gane shi ya gane rabin al'amarin. Makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo masu kiɗan kotso, suna shirya waƙa tare da yaransu tun a gida, har idan jagora ya ɗauko ɗa sai yara su karɓe su ƙarasa masa. Shata kuwa amshi guda yake ba yaransa, su yi ta maimaita shi ba ƙari ba ragi, shi kuma ya yi ta ƙera magana a kansa nan take, gwargwadon wurin da yake da mutanen da ke gabansa. Sakamakon haka shi ne, waƙa ɗaya tana da riwayoyi da dama: amshin bai sauya ba, amma ɗiyan da ya zuba a Kaduna ba lalle su ne ya zuba a Kano ba. Saboda haka idan ka ji biyu suna gardama a majalisa, wannan yana cewa Shata ya ambaci wane a waƙa kaza, wancan yana cewa bai ambata ba, mai yiwuwa ne dukkansu suna kan gaskiya.

Fasali na Biyu: Neman waƙoƙin da tantance su

Waƙoƙin da suka iso gare mu ta hanya uku suka zo. Akwai waɗanda kamfanonin faifai, irin su EMI, suka ɗauka a ɗakin ɗaukar murya, waɗannan sun fi tsabtar sauti, sai dai tsawon faifai ya kan tilasta a taƙaita su. Akwai waɗanda gidajen rediyo da talabijin suka ɗauka, musamman Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, waɗannan su ne tsaka-tsaki. Sa'an nan akwai na wurin wasa, waɗanda wani ya ɗauka da rikodarsa a biki ko naɗin sarauta, da hayaniyar jama'a da guɗar mata da muryar sanƙira a ciki. Su ne mafi ƙarancin tsabta, amma su ne suka fi nuna Shata yadda yake. Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da na faifai da na rediyo har kunnensa ya saba, sa'an nan ya nemi na wurin wasa.

A nan Maiduguri, masu tura waƙoƙi a katin waya suna nan a Kasuwar Jagwal da kewayen Kasuwar Litinin da bakin tashoshin mota, kuma da yawa daga waƙoƙin suna YouTube ga mai halin sayen data. Amma kada ka raina tsofaffin direbobin Tashar Kano, waɗanda suka shekara suna bin hanyar Damaturu da Potiskum da Azare da kaset ɗin Shata a cikin mota, domin a wurinsu akan sami riwayar da ba ta shiga intanet ba, kuma a bakinsu akan sami labarin da ba a rubuta ba.

Idan ka je wurin mai turawa, kada ka ce masa ya cika maka kati da Shata, domin zai zuba maka duk abin da ke cikin kwamfutarsa, mai kyau da gurɓatacce. Tafi da sunayen waƙoƙin a rubuce, kuma kafin ka biya ka duba abubuwa huɗu. Na farko, ka saurari farkon waƙar da ƙarshenta, ka tabbata ta fara daga tashin kiɗa ta kuma ƙare da saukarsa, ba a yanke ta a tsakiyar ɗa ba. Na biyu, ka lura da muryar: idan ta yi siririya tana gaggawa, ko ta yi kauri tana jan jiki, to, rikodar da aka kwafo ta da ita ba ta juya daidai ba, ka nemi wata. Na uku, ka guji waɗanda aka ɗora wa kiɗan fiyano ko aka cusa musu tallan mai shago a tsakiya, domin waɗannan sun fita daga matanin asali. Na huɗu, ka dubi nauyin waƙar a cikin waya: a ƙa'ida, sauti matsakaici mai kyau yana cin kimanin megabayit ɗaya a kowane minti, saboda haka waƙar minti ashirin da ka ga nauyinta bai wuce megabayit uku ba, an matse ta har ƙananan gangunan sun narke cikin juna, kuma abin da za ka koya a fasali na gaba ba zai yiwu da ita ba.

Wanda Allah Ya sa ya gaji kaset-kaset daga mahaifinsa, to, ya riƙe dukiya, sai dai dukiya ce mai saurin lalacewa a gari irin namu, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta bar kowane saƙo ba. Kada a bar kaset a rana ko a cikin mota ko kusa da lasifika, saboda maganaɗisun da ke cikinta yana shafe sauti. Kafin a kunna tsohon kaset, a sa biro a raminsa a juya a hankali har zaren ya miƙe, a goge ɗan ƙarfen da zaren ke gogawa a jikinsa da auduga da ɗigon sifirit, a bar shi ya bushe, sa'an nan a haɗa rikodar da kwamfuta ta igiyar sauti a kwafe tun a kunnawar farko, domin tsohon zare ba ya alkawarin kunnawa ta biyu. A rubuta wa kowace waƙa sunanta, da inda aka samo ta, da abin da mai kaset ɗin ya tuna na wuri da shekara. Wannan shi ne isnadinta. Kuma lalle a ajiye kwafi biyu a gida biyu, domin gobarar Kasuwar Litinin ta watan Fabrairu 2023, da ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta mamaye Gwange da Gamboru da wasu unguwanni masu yawa, sun isa su koya mana cewa abin da aka ajiye wuri guda bai ajiyu ba.

Fasali na Uku: Yadda ake sauraro

Kowace waƙa a saurare ta sau uku, kowane karo da niyyarsa dabam. A karo na farko ka manta da magana ɗungum, ka bi kiɗa kawai: nemi ƙaramar gangar da ke riƙe taki, ka bi ta da yatsa a kan gwiwa har ka daina ɓacewa, sa'an nan ka karkata ga manyan kalangai ka ji inda suke barin taki su yi magana. Wanda ya tashi yana jin ganga kura da algaita a Dandal, ƙofar fadar Mai Martaba Shehu, ba zai sha wuya a nan ba, domin ya riga ya san cewa kayan kiɗa suna kiran suna suna yin kirari, kuma harshen Kanuri ma yana da hawa da saukar murya kamar na Hausa.

A karo na biyu ka riƙe amshi, wanda masana ke kira gindin waƙa, ka haddace shi, sa'an nan ka lura da yadda jagora ke shiga da fita: wani lokaci ya jira yara su sauke kafin ya ɗauka, wani lokaci ya faɗa a kansu tun ba su ƙarasa ba, wani lokaci ya ja ɗa ya yi tsawo har ka ce numfashinsa zai yanke, wani lokaci kuma ya yi shiru ya bar kiɗa da amshi su yi ta zagayawa yayin da yake auna abin da zai faɗa. A cikin wannan shiga da fita gwanintarsa take, kuma wanda bai lura da ita ba zai ɗauka maimaici kawai yake ji.

A karo na uku ne za ka ɗauki takarda da alƙalami. Rubuta sunayen mutane da na garuruwa da ya ambata, da kalmomin da ba ka gane ba, kuma ka tambayi kanka: mene ne turken waƙar, wato babban abin da aka ɗaure ta a kai, yabo ne, ko gargaɗi, ko zambo, ko labari? Hausarmu ta Maiduguri Hausar kasuwa ce da cuɗanya, ta isa ciniki da zumunci, amma Shata Bakatsine ne mai tsohuwar Hausa, cike da kalmomin noma da fatauci da sarauta da farauta waɗanda yaran Kano ma na yau ba duka suka sani ba. Saboda haka babu kunya ga Bakanure ko Bashuwa ko Babur ko Margi ya ɗauki takardarsa ya je wurin wani dattijo a Hausari, ko wurin malaman Hausa na Jami'ar Maiduguri, ya nemi sharhi. Mai son zurfafawa ya nemi littafin tarihin mawaƙin mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, da rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan hanyar nazarin waƙar baka.

Fasali na Huɗu: Waƙoƙin da za a bi, da tartibinsu

Mataki na farko, a fara da waƙar begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda aka sani da Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu. Na zaɓe ta don tabarruki, na kuma zaɓe ta don sauƙi, saboda kalmominta na addini ne waɗanda duk wanda ya zauna a tsangaya ya san su ko da Hausarsa ba ta nuna ba, ta haka hankalinsa zai sami sararin bin kiɗa da amshi ba tare da wahalar lugga ba.

Mataki na biyu, waƙoƙin faɗakarwa da labari, waɗanda ba su dogara ga sanin wani mutum ba. A nan a ɗauki Mata Ku Yi Aure, wadda nasiha ce a fili, ko da yake mai sauraro na yau yana da damar ya auna ta da mizanin zamaninta; sa'an nan a bi ta da waƙar Kumbo Apollo, wadda Shata ya yi a kan kumbon da Amurka ta harba ya sauke mutane a duniyar wata a watan Yuli 1969. Fa'idar wannan ta biyu babba ce, domin tana nuna yadda mawaƙin da bai yi karatun boko ba ya ɗauki labarin da ya girgiza duniya ya zuba shi cikin kalangu, har manomi da mahauci suka sami abin tattaunawa a kansa, a zamanin da rediyo ce jaridar talaka. Wanda ya sami waƙoƙin da Shata ya yi wa sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, a wannan mataki zai sa su.

Mataki na uku shi ne inda ya kamata a daɗe, domin a nan ne mafi yawan aikin Shata yake: yabon mutane waɗanda ba sarakuna ba. A saurari waƙar Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu, da ta Garba Bichi, da ta Hassan Sarkin Dogarai, ɗaya bayan ɗaya, a kwana daban-daban, sa'an nan a ajiye takardun guda uku a jere a gwada. Za a ga tubalan da yake gina yabo da su suna dawowa: nasabar mutum da garinsu, da kyautarsa, da abokansa da barorinsa, da addu'a, da ɗan roƙo, da harara ga maƙiyinsa; amma za a ga kuma kowane mutum an ɗinka masa rigarsa, ba a ba shi ta wani ba. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga waɗanda ya waƙe ba su riƙe wata babbar sarauta ba, ba su kuma bar littafi ba, amma ga shi bayan shekaru masu yawa ana kiran sunansu a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa attajirai da direbobi da ma'aikata suka riƙa ba mawaƙi doki da mota ba tare da sun ga sun yi asara ba.

Mataki na huɗu, waƙoƙin sarauta, kuma a fara da waɗanda ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, wanda kuma amincin da ke tsakaninsa da Shata ya kai har a garinsa aka binne mawaƙin. Hanya mafi amfani a nan ita ce gwadawa: a saurari waƙar Shata ta sarki, a bi ta nan take da wata ta Ɗanƙwairo ko ta Narambaɗa, sai bambancin makaɗin jama'a da makaɗin fada ya fito sarari, ɗaya yana magana da sarki cikin sakewar wanda gobe zai tafi wani gari ya waƙe wani, ɗayan yana magana cikin nauyin wanda fada ce gidansa. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Na ce wanda bai ji su a jere ba bai san ko ɗayansu sosai ba.

Mataki na biyar, waƙoƙin da ke bukatar hankali ya riga ya zauna. Gagarabadau waƙar zambo ce, kuma a cikinta za a ga ɗaya fuskar yabo, wato cewa harshen da ke ɗaga mutum shi ne ke iya kayar da shi, abin da ya sa manya ke jin tsoron mawaƙi kamar yadda suke son sa. A koyi rarrabe zambo, wanda ke siffanta mutum da munin kama ko na hali, da habaici, wanda ake jefawa ba suna sai mai shi ya tsargu. Amma kada a ɓata lokaci wajen binciken wanda aka yi wa, domin mutanen sun riga mu gidan gaskiya, kuma suna da zuriya. Haka nan waƙar A Sha Ruwa, wadda kowa ya san ba ruwan rijiya take nufi ba: a ji ta a matsayin shaidar wani zamani da wasu wuraren da mawaƙin ya yi wasa a cikinsu, ba a matsayin fatawa ba, domin hukuncin giya a shari'a bayyananne ne, kuma fasahar mai faɗi ba ta halatta abin da aka faɗa.

Mataki na shida, kuma na ƙarshe, shi ne Bakandamiya, wadda yawancin mutane ke farawa da ita, ni kuwa na ajiye ta a ƙarshe da gangan. A cikinta Shata kansa yake waƙewa: yana kirari, yana lissafa ƙasashen da ya taka da wuraren da ya yi wasa, yana ƙalubalantar sauran mawaƙa, yana gode wa masu yi masa alheri. Wanda ya fara da ita zai ji mutum yana fariya kawai. Amma wanda ya biyo ta matakan nan biyar, ya ga yadda ya yabi Annabi, ya yi nasiha, ya ba da labari, ya ɗaga talaka, ya tsaya gaban sarki, ya kuma yi zambo, idan ya iso nan zai tarar da'awar tana da hujja, shi da kansa ya riga ya ji shaidun. Tana kuma da riwayoyi da yawa, don haka a nemi aƙalla biyu, ɗaya ta ƙuruciyar muryarsa ɗaya ta manyantakarsa, a gwada. Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma jin su biyun a zama ɗaya darasi ne cikakke.

Fasali na Biyar: Ladubban sauraro

Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun zamani mai nisa, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta da sharuɗɗa, har Imamu Gazali ya keɓe wa ladubban sauraro babi guda a cikin littafinsa Ihya'u. Ni ba mufti ba ne, kowa ya bi malaminsa. Amma akwai abubuwan da babu saɓani a kansu. Idan ladan ya kira salla a kashe. Kada a ƙure murya kusa da masallaci, ko tsangaya, ko gidan makoki, ko ɗakin majinyaci. Kada a kunna waƙar zambo da nufin a ji wa wani da ke zaune a majalisa ciwo, domin wannan giba ce da aka ara wa bakin wani. Kada kuma a sa wa yara abin da hankalinsu bai kai ba.

Mafi dacewar lokaci shi ne bayan sallar isha'i, sa'ad da gari ya yi sanyi, kuma mafi dacewar hali shi ne cikin jama'a, mutum uku ko huɗu, da dattijo guda a cikinsu, domin waƙar nan ba don mutum ɗaya mai toshe kunne aka yi ta ba, a gaban taro aka haife ta. In ba wurin gwadawa ba, waƙa ɗaya a dare ta isa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya bi wannan tsari, yana ba kowane mataki mako guda ko biyu, kafin wata uku zai iya jin waƙar da bai taɓa ji ba ya faɗi turkenta, ya ware tubalanta, ya kuma gane ko cikakkiya ce ko yankakkiya.

Daga nan sai ya ɗauki wannan hanya ya bi da ita kan sauran: Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Barmani Choge da ƙwaryarta, da Ɗan Anace mawaƙin 'yan dambe. Kuma roƙona na ƙarshe ga samarin Yerwa shi ne, kada su tsaya ga mawaƙan Hausa kaɗai. Shata ya yi sa'a, an ɗauki muryarsa, an rubuta tarihinsa, an yi digiri a kansa har a Amurka. Makaɗan Borno kuwa, na Kanuri da na Shuwa da na kudancin jiha, da yawansu muryarsu tana cikin tsofaffin kaset-kaset a ƙarƙashin gadajen kakanninku. Ku nemo su, ku kwafe su, ku rubuta sunan mai waƙa da wanda aka yi wa da garin da aka yi, tun waɗanda suka sani suna da rai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya sa mu amfana da abin da suka bari.